NIYODIMIYAM: ƘARFEN DA A KE YIN MAGANAƊISU MAFI ƘARFI DA SHI

Zuwa ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan 'yar takarda ne domin a bayyana muku labarin wani ƙarfe wanda sunansa baƙo ne ga kunnen yawancinmu, alhali kuwa da wuya a sami gidan Hakimi ko na Dagaci inda babu ɗan guntunsa. Sunansa niyodimiyam. Yana cikin wayar hannu da ke aljihun malamin ofis, yana cikin ɗan abin sauraro da samari ke sawa a kunne, yana kuma cikin yawancin famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana.

Dalilin kawo muku wannan magana uku ne. Na farko, manyan ƙasashen duniya suna tsere a kan wannan ƙarfe da danginsa, kuma idan manya suna tsere a kan abu, ba a daɗewa sai masu nemansa su iso ƙauye. Na biyu, yashin da a ke fitar da shi daga ciki akwai shi a wasu sassan ƙasarmu, musamman inda aka yi haƙar kuza, kuma yashin nan yana tafe da wata cuta wadda ido ba ya gani. Na uku, maganaɗisun da a ke yi da shi ya riga ya shiga hannun yara. Hakimi shi ne wanda baƙo ya kan fara yi wa sallama, shi ne kuma wanda talaka ya kan kai wa kuka idan abu ya ɓaci. Saboda haka ya kamata ya san abin tun kafin a zo masa da shi.

DANGINSA DA ASALIN SUNANSA

Masana sun jera dukan asalan abubuwan da aka gina duniya da su, kamar baƙin ƙarfe da zinariya da dalma da kuza, suka ba ko wanne lamba. Lambar niyodimiyam 60. Yana cikin wani dangi na ƙarafa 17 waɗanda Turawa suka sa wa suna mai ma'anar "ƙasa mai wuyar samu". Sunan bai dace da su sosai ba, gama ba ƙaranci gare su ba. A cikin ko wane tan ɗaya na duwatsun bayan ƙasa, idan aka yi ƙiyasi gaba ɗaya, akwai niyodimiyam wajen giram 40, watau ya fi dalma yawa, balle zinariya. Wuyarsu ita ce ba su taruwa wuri ɗaya su yi jijiya kamar sauran ma'adinai. A warwatse su ke, kuma duk inda aka sami ɗaya sai a tarar da 'yan'uwansa a cakuɗe da shi, sun yi kama da juna ƙwarai har raba su ya zama babban aiki.

Labarinsu ya faro ne daga ƙasar Suwidin. A shekarar 1787 wani hafsan soja mai sha'awar duwatsu, Carl Arrhenius, ya tsinci wani baƙin dutse mai nauyi a wurin fasa dutse na ƙauyen Ytterby, kusa da birnin Istokholm. A 1794 wani masani, Johan Gadolin, ya bincika dutsen ya sami wani abu a ciki wanda ba a san shi ba a da. Daga nan masana suka yi ta tono dangin ɗaya bayan ɗaya, har 4 daga cikinsu aka sa musu suna daga sunan wannan ƙauye.

A 1841 Carl Mosander, shi ma mutumin Suwidin, ya ware wani abu wanda ya zaci ƙarfe guda ne, ya kira shi didimiyam, watau "tagwai" da harshen Girka. Aka zauna a kan haka shekara 44. Sai a 1885, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach ya yi ta narkar da gishirin didimiyam yana barinsa ya daskare, yana sake narkarwa, sau da yawa ƙwarai, har abin ya rabu gida biyu. Ashe ƙarafa biyu ne. Ɗaya mai koren gishiri ya kira shi firasiyodimiyam, watau "koren tagwai". Ɗayan, mai gishiri ja-ja, ya kira shi niyodimiyam, watau "sabon tagwai". Ba a iya fitar da ƙarfen tsantsa sosai ba sai a 1925.

Wannan Auer ba baƙo ba ne gare mu ko da ba mu san sunansa ba. Shi ne ya ƙago farar ragar nan da a ke ɗaura wa fitila mai famfo, shi ne kuma ya ƙago 'yar ƙanƙarar da ke cikin leta, wadda a ke yi da gaurayen ƙarafan wannan dangi, har da niyodimiyam a ciki.

SIFFOFINSA

Idan aka yanka shi sabo, fari ne mai ƙyalli kamar azurfa. Amma ba ya daɗewa da ƙyallin nan, domin iska tana cinsa da sauri, ya dushe, bayansa ya riƙa ɓarewa yana zuba kamar gari. Saboda haka a kan ajiye shi cikin mai, ko cikin mazubi da aka toshe sarai. Nauyinsa ya ninka na ruwa sau 7, watau bai kai baƙin ƙarfe nauyi ba, ko da ya ke ya yi kusa. Yana narkewa a digiri 1,024 na ma'aunin zafi, wanda a kansa ruwa ke tafasa a digiri 100. Garinsa yana kama wuta da sauƙi. Ba a taɓa samunsa tsantsa cikin ƙasa yadda a ke samun zinariya, kullum a haɗe ya ke da waɗansu abubuwa cikin dutse ko yashi.

Yana da wani hali na rina gilashi. A 1927 Leo Moser, mai masana'antar gilashi a ƙasar da a lokacin a ke kira Cekosulobakiya, ya zuba shi cikin narkakken gilashi, sai ya sami gilashi mai sauya launi: a hasken rana ya yi shunayya, a ƙarƙashin doguwar fitilar lantarki ya koma shuɗi-shuɗi. Masu hura gilashi kuma suna sa tabarau da aka gauraya da didimiyam, domin yana tare rawayan hasken da ke tashi daga aikinsu, ya bar su su ga abin da su ke yi.

Ga wani abin mamaki. Niyodimiyam shi kaɗai, a zafin ɗaki, ba maganaɗisu ba ne. Ko allura ba zai ɗauka ba. Sai an sanyaya shi zuwa wajen digiri 253 ƙasa da sifiri kafin halin maganaɗisu ya fara shiryuwa a cikinsa, kuma wannan ba shi da amfani ga aikin yau da kullum. Ƙarfinsa ba ya bayyana sai an haɗa shi da baƙin ƙarfe.

YADDA YA KE ZAMA MAGANAƊISU

Kowa ya san maganaɗisu, wanda waɗansu ke kira mayen ƙarfe. Ga yadda ya ke aiki. Ko wace ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe ita kanta ɗan ƙaramin maganaɗisu ce, mai gaba da baya. A cikin ƙusa ko fartanya, ƙwayoyin sun kasu ƙungiya ƙungiya, ko wace ƙungiya ta fuskanci nata gefen, sai jan wannan ya kashe jan waccan, ba a ga kome a waje. Misalinsu kamar 'yan gayya ne da suka shiga gona kowa ya nufi inda ya ga dama: ga mutane da yawa, ga gumi, amma kunya ko ɗaya ba ta fita. Idan aka sa su suka jeru suka fuskanci gefe guda, nan take aiki ya bayyana. Haka ƙusa ta ke idan aka goga mata maganaɗisu: ƙwayoyinta sun jeru, sai ta ɗauki allura. Amma baƙin ƙarfe ba shi da riƙo. An jima kaɗan, ko aka buga ƙusar da ƙasa, sai jerin ya watse.

Aikin niyodimiyam shi ne riƙon nan. Idan aka haɗa ƙwaya 2 tasa da ƙwaya 14 ta baƙin ƙarfe da ƙwaya 1 ta wani abu da a ke kira boron, sai su ginu bisa wani tsari wanda a cikinsa akwai hanya guda tak da ƙwayoyin ke son fuskanta, kuma juya su daga wannan hanya sai da ƙarfi mai yawa. Baƙin ƙarfe ne ke ba da yawancin jan, niyodimiyam ne ke hana jerin watsewa, boron kuwa shi ke tsai da ginin. Bisa nauyi, niyodimiyam wajen kashi 30 ne cikin 100, boron wajen kashi 1, saura duk baƙin ƙarfe.

Bukata ce ta sa aka gano wannan haɗi. Kafinsa, maganaɗisu mafi ƙarfi shi ne wanda a ke yi da samariyam da kobalt, kuma yawancin kobalt daga ƙasar Zayar ya ke fitowa, wadda yanzu a ke kira Jumhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A 1978 yaƙi ya ɓarke a lardin Shaba har ya kai garin Kolwezi inda ma'adinan su ke, farashin kobalt ya yi tashin gwauron zabo. Masu masana'antu suka shiga neman abin da zai maye gurbinsa. Mutum biyu suka dace, ko wanne a nasa wurin ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba: Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Jafan, da John Croat na kamfanin General Motors a Amurka. Dukansu suka bayyana abin da suka gano a taro guda a Amurka cikin watan Nuwamba 1983. A 2022 aka ba Sagawa Lambar Sarauniya Elizabeth ta Aikin Injiniya saboda wannan aiki.

Yadda a ke yinsa bisa hanyar Sagawa kuwa, a kan narkar da abubuwan uku tare, a bari su daskare, a niƙe su su zama gari mai laushi fiye da garin alkama. Sa'an nan a zuba garin cikin mazubi a tsakiyar wani babban maganaɗisu na lantarki, domin ko wane ɗan tsaba ya juya ya fuskanci hanya guda, a matse shi a haka. Daga nan a gasa shi a zafin da ya wuce digiri 1,000 har ya haɗe ya zama curi, a yanka shi gwargwadon bukata, a shafe bayansa da nikel domin kada ya yi tsatsa. A ƙarshe a buga masa wutar lantarki mai ƙarfi sau ɗaya, shi ke nan ya zama maganaɗisu.

Ƙarfinsa ya ninka na baƙin maganaɗisun da ke bayan tsohuwar lasifika wajen sau 10, kuma ɗan ƙarami ya kan ɗauki abin da ya ninka nauyinsa sau 1,000. Amma yana da rauni uku. Yana da gautsi, ya kan fashe kamar tangaran. Yana tsatsa da zarar rufinsa ya kankare. Kuma ba ya son zafi: irin na gama-gari ya kan fara rasa ƙarfinsa idan zafi ya wuce digiri 80, idan kuwa ya kai wajen 310 sai ƙarfin ya tafi ɗungum. Domin wannan, wanda za a sa cikin injin mota a kan ƙara masa ɗan disfurosiyam ko tabiyam, 'yan'uwansa ne cikin dangin nan, amma sun fi shi wuyar samu da tsada.

AMFANINSA

Amfanin maganaɗisu mai ƙarfi shi ne ƙaramin abu ya yi aikin babba. Wanda ya ga tsohon akwatin rediyo mai lasifika kamar faifai, ya kuma ji muryar da ke fita daga wayar hannu ta ɗan rami kamar ƙwayar gero, ya ga bambancin da idonsa. Girgizar da waya ke yi idan an kira, da daidaita idon kyamararta, duk da irin wannan maganaɗisu a ke yi. Haka kuma ma'ajiyar bayanai mai faifai da ke cikin kwamfuta.

Amma inda aka fi cinye shi, shi ne injunan lantarki masu juyawa. Injin da aka sa wa wannan maganaɗisu ya fi ƙanƙanta, ya fi sauƙin nauyi, ya kuma fi tsimin wuta. Shi ya sa faifan sola kaɗan ke iya juya famfon da ke ɗaga ruwa daga rijiya mai zurfi. Ana sa shi cikin fanka mai caji, da na'urar sanyaya ɗaki, da babur da keke masu batir. Motar lantarki guda ta kan ci kilo 1 zuwa 2 na maganaɗisun. Manyan fankokin da a ke kafawa a teku domin samar da lantarki daga iska, irin waɗanda ba su da giya, ko wanne ya kan ɗauki tan 2 ko fiye. Sojoji ma suna bukatarsa cikin jiragen yaƙi, da jirage marasa matuƙi, da makamai masu linzami, wannan kuwa shi ya sa gwamnatoci ke sa ido a kansa fiye da yadda kuɗinsa kaɗai zai sa.

Wajen magani, akwai na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki da ke aiki da shi. A 1964 kuma masana a Amurka suka yi wata fitilar leza da wani dutse da aka ɗiga wa niyodimiyam. Likitocin ido suna amfani da irinta: idan an yi wa mutum aikin yanar ido, bayan wani lokaci gani ya sake dushewa saboda fatar da ke bayan sabon gilashin ta yi hazo, da wannan leza a ke huda fatar cikin 'yan mintoci ba tare da wuƙa ba. Masana'antu kuma suna yanka ƙarfe da walda da ita.

INDA A KE SAMUNSA

Ma'adinai biyu ne a ke fitar da yawancinsa daga ciki, basnasayit da monazayit. Mahaƙa mafi girma a duniya ita ce Bayan Obo a yankin Mongoliya ta Gida cikin ƙasar Sin, arewa da birnin Baotou. A Amurka akwai Mountain Pass a jihar Kalifoniya, wadda aka gano a 1949. Ita ce ta riƙe kasuwar duniya daga shekarun 1960 zuwa na 1980, aka rufe ta a 2002 saboda arahar kayan Sin da matsalar gurɓataccen ruwa, aka sake buɗe ta, kamfanin ya karye a 2015, wani ya saye ta a 2017 ya ci gaba da aiki. A Ostireliya akwai Mount Weld, wadda a ke kai kayanta Maleshiya a tace. Indiya da Barazil kuma suna da monazayit cikin yashin bakin teku.

Haƙowa ba ita ce wuyar ba, tacewa ce. Sai an dafa ma'adinin cikin asid mai ƙarfi, irin ruwan batir, ko cikin soda mai ƙuna, sa'an nan a bi da ruwan ta cikin ɗaruruwan tankuna a jere kafin 'yan'uwan nan su rabu ɗaya bayan ɗaya. Aikin yana cin ruwa da wuta da gwaninta, yana kuma barin dagwalo mai guba. Ƙasar Sin ta ɗauki shekaru tana koyon wannan aiki tana ɗaukar dattinsa, har ya zama a 2024 wajen kashi 70 cikin 100 na abin da aka haƙo a duniya daga can ya fito, wajen kashi 90 na tacewa da yin maganaɗisu kuma a can aka yi.

Wanda ya riƙe wuyan tulu shi ke da ruwa. A watan Satumba 2010 Sin da Jafan suka yi saɓani a kan wani jirgin kamun kifi, kayan da a ke aika wa Jafan suka tsaya har wajen wata 2. Ga shi kuma Sin ta rage yawan abin da ta ke bari a fitar. Kafin tsakiyar 2011 farashin niyodimiyam ya ninka na 2009 fiye da sau 10, daga baya ya faɗo. A 2014 Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta yanke hukunci cewa ƙayyadewar ta saɓa wa ƙa'ida, Sin ta janye ta a 2015. A watan Afrilu 2025 kuma, cikin rigimar haraji da Amurka, Sin ta sa dokar neman izini kafin a fitar da 7 daga cikin ƙarafan nan, har da disfurosiyam da tabiyam da maganaɗisun da ke ɗauke da su. Cikin 'yan makonni waɗansu masana'antun motoci a Amurka da Jafan da Turai suka tsai da aiki na ɗan lokaci. Wannan ne ya sa ƙasashe da kamfanoni suka bazama neman ma'adinin a wasu wurare, har da Afirka.

ABIN DA YA SHAFI ƘASARMU

A tudun Jos, wajen Bukuru da Barikin Ladi da makwabtansu, da sauran wuraren da aka yi haƙar kuza, idan an wanke ƙasa an ɗebe kuzar a kan bar wani yashi mai nauyi. A cikin yashin nan akwai ma'adinai dabam dabam, ɗaya daga cikinsu monazayit ne, 'yan tsaba masu launin rawaya zuwa ja-ja kamar zuma. Fiye da rabin nauyinsa ƙarafan dangin nan ne, kuma cikinsu niyodimiyam ya kan kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100.

Dattawan wajen sun taɓa ganin irin wannan. Kwalambayit ma a da zubar da shi a ke yi cikin ragowar wankin kuza. Da Amurka ta shiga sayensa domin ajiya a farkon shekarun 1950, sai aka koma ana tona tsofaffin tsibin yashi, Nijeriya ta zama ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Da masu saye suka ƙoshi, farashi ya faɗi, aka bar mutanen wurin da ramuka da kududdufai. Abin lura a nan shi ne, ribar ɗanyen yashi kaɗan ce kuma ba ta da tabbas, babbar riba tana wurin mai tacewa da mai ƙerawa.

Ga kuma haɗarin. Monazayit yana ɗauke da toriyam, sau da yawa kashi 6 cikin 100 ko fiye. Toriyam kuwa yana fitar da wani tururi irin na nukiliya wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, fata ba ta jin zafinsa. Wucewa ta kusa da shi sau ɗaya ba ya kashe kowa. Ɓarnar tana zuwa ne ga wanda ya daɗe yana shaƙar ƙurarsa, ko yana kwana ɗaki ɗaya da buhunansa, ko ya yi yaɓen ɗakinsa da yashin, gama bayan shekaru ya kan jawo ciwon daji. A garin Bukit Merah na Maleshiya, ƙasar kuza irin tamu, an buɗe wata masana'anta a 1982 tana tace monazayit daga ragowar wankin kuza. Mutanen garin suka kai ƙara kotu suna kukan sankarar jini ga 'ya'yansu da haihuwar jarirai da naƙasa, aka yi shekaru ana shari'a, aka rufe masana'antar a 1994, kwashe dattinta kuma ya ci shekaru da kuɗi masu yawa.

Mu ma muna da namu darasin, ko da ya ke da wani ma'adini ne dabam. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu domin ana kawo dutsen zinariya mai gubar dalma cikin gida ana daka shi ana niƙa shi inda yara ke rarrafe. Babu wanda ya yi nufin cutar da ɗansa. Rashin sani ne, da kawo aikin daji cikin gida.

HAƊARIN MAGANAƊISUN KANSA

'Yan gwangwan da masu gyaran waya da rediyo su kan ciro waɗannan maganaɗisai, yara kuma su kan tsince su su yi wasa da su domin ƙyallinsu. Idan yaro ya haɗiye guda biyu ko fiye, ko guda ɗaya tare da wani ɗan ƙarfe, su kan jawo juna daga cikin hanji dabam dabam, su matse naman da ke tsakaninsu har ya huje. Da fari ba a ganin kome sai ciwon ciki da amai, kamar na kullum. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba kuma na jira a ga ko zai fita da bayan gida ba ne. A kai yaron asibiti nan take, a gaya wa likita abin da ya haɗiya.

Manya daga cikinsu su kan datse yatsa, idan kuma biyu suka haɗu da ƙarfi su kan fashe, ɓarɓashi ya shiga ido. Wanda likita ya dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya sa irin wannan a aljihun ƙirjinsa. Kada a niƙa shi, kada a jefa shi wuta. Masu gwada zinariya da maganaɗisu kuma su sani, gaskiya ne ba ya jan zinariya, amma tagulla da farin ƙarfen goran ruwa ma ba ya jansu. Abin da ya kama lalle ba tsantsar zinariya ba ne, amma wanda bai kama ba sai an sake gwada shi ta wata hanya.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI

Bisa ga Tsarin Mulki na 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007, dukan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Hakimi ba shi da ikon ba da izinin haƙa, haka Dagaci, haka mai gona. Amma dokar ta ba jama'a haƙƙoƙi, kuma kiyaye su yana wuyan shugabanni. Saboda haka ana roƙonku waɗannan abubuwa:

1. Duk baƙon da ya zo neman haƙa ko sayen yashi, a nemi ya nuna lasisinsa daga Ofishin Rajistar Ma'adinai na Tarayya. Malami ya rubuta sunansa, da sunan kamfaninsa, da lambar lasisin, da iyakar wurin da aka ba shi, a aika wa jami'in ma'adinai na Tarayya da ke jihar domin ya tabbatar.

2. Kada Hakimi ko Dagaci ya sa hannu a takardar yarda sai an karanta ta, an fassara ta da Hausa ko da harshen mutanen wurin, a gaban masu gonakin da abin ya shafa. A ajiye kofi ɗaya a ofishin Hakimi.

3. Doka ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya ƙasa da jama'ar wurin kafin ya fara aiki, ya kuma biya diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine. A tabbata an rubuta a ciki wanda zai cike ramuka bayan an tashi.

4. A hana ajiye buhunan yashin kuza cikin ɗakin kwana ko kusa da rumbu, a hana daka shi ko sheƙe shi cikin gida, a hana yin yaɓe ko daɓe da shi. Kada a wanke shi kusa da rijiya ko mashayar dabbobi. Kada a sa yara da mata masu ciki wannan aiki.

5. Inda a ke shakkar wani tsibin yashi ko wani gida da aka gina da shi, a rubuto ta hannun Ƙaramar Hukuma domin a nemi Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya ta aiko da masu awo. Da na'ura kaɗai a ke gane shi.

6. A gargaɗi iyaye da masu gyaran waya da 'yan gwangwan game da barin ƙananan maganaɗisai inda yara za su kai hannu.

Ana roƙon ko wane Hakimi ya sa malaminsa ya karanta wannan takarda a gaban Dagatai da Masu Unguwa a zama na gaba, su kuma su isar ga jama'arsu a kasuwa da dandali. Wanda ke da tambaya, ko ya ga wani abu a ƙasarsa da ya shafi wannan magana, ya rubuto wa Ofishin Watsa Labarai, za a miƙa wa waɗanda abin ya rataya a wuyansu, a kuma aiko masa da amsa.